Kurkum a Shayin Ƙanina

Shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, aka rantsar da farar hula da farkon damina, ita ce shekarar da masaƙarmu ta rage ma'aikata. Tamu sallamar ta riga ta soja zuwa, domin tun watan farko na shekarar aka liƙa takarda a bakin get. Ban iya karatu ba a lokacin. Wani abokin aikina ɗan Binuwai ne ya bi layin da yatsa, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Oga, ga ka nan." Shekara goma sha tara na yi a sashen rini. Na daɗe ina kallon inda ya ɗora yatsa, ban san ta ina sunana ya fara ba. Satin da ya biyo na tafi firamaren unguwarmu na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda ake yi bayan la'asar idan yara sun tashi. Shekarata arba'in da huɗu. Bencin ya yi mini kaɗan, sai na riƙa zama a karkace.

A wannan shekarar ce kuma muka taru, manya da gemunmu, muka yi ƙoƙarin tsare kan ƙanina da kayan miya.

Ƙanina tela ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Shagonsa ɗan ƙarami ne a layin bayan masaƙu, keken ɗinki ɗaya, teburin yanka ɗaya, da benci. Shi ma bai yi boko ba, kuma bai taɓa jin yana bukata ba, saboda Allah ya ba shi kai. Sau ɗaya yake auna mutum. Daga ranar ba ka sake zuwa awo, sai dai ka aiko da yadi ka ce kaftani ko jamfa, ka ci gaba da harkarka. Daga Makera ake aiko masa, daga Tirkaniya, har daga Unguwar Talabijin. Akwai telolin da suka fi shi iya aikin wuya, amma babu wanda zai hutar da kai tafiya kamarsa. Abin da yake ci da iyalinsa ke nan.

Ba da inci yake riƙe awon ba, da mutane yake riƙe shi. Ni ne na farko da ya yi wa ɗinki bayan ya gama koyo, sai ya mai da jikina ma'auni. Direban bas na layinmu ya fi ni ƙirji da yatsa uku. Mai nama ya fi direba da yatsa biyu, amma hannunsa bai kai na direba ba. Ladan wuyansa irin nawa ne, tsawonsa irin na mai nama. Haka ya riƙa ɗaura mutum a jikin mutum har sama da ɗari, kuma duk inda ka kama, idan ka bi, a kaina zai ƙare. Idan ya hangi kwastoma ya wuce a titi ya ga ya ajiye tumbi, sai ya ƙara masa yatsa ɗaya a ransa, mutumin bai ma sani ba.

Da kamfen ɗin zaɓe ƙwaya ta shigo. Tun ƙarshen shekarar da ta gabata 'yan takara suka cika shi da aikin tuta da huluna. Mutanen ɗan takarar kansila suka kawo yadi, suka haɗa masa da wasu ƙwayoyi a ƙullin takarda, wai na hana gajiya ne. Aka yi zaɓe, mutuminsu ya ci, tutoci suka koɗe a jikin falwaya, ƙwaya kuwa ta zauna. Yanzu ba don aiki yake sha ba, don daɗi ne. Akwai wata majalisa a bayan rumfar mai shayi, ta magidanta: mai faci, mai gyaran rediyo, wani kwandasta, da wasu da aka sallama tare da ni. Da hantsi suke haɗuwa, a haɗiyi ƙwaya, wani ya naɗa wiwi, a yi ta gyara Najeriya har azahar. Caji suke kiran abin. Ƙanina ya zama ɗan majalisa tun kafin a rantsar da na Abuja.

Alamar farko da na gani, wando ne ya ɗinka wa ladan da aljihu ɗaya. Muka yi dariya. Bayan sati biyu na same shi riƙe da wani yadi ruwan ƙasa, yana jujjuya shi. Ya ce, "Yaya, wannan na wa?" Na ce ni na sani? Ya yi dariya ya ce gwada ni yake. Amma yadin ya kwana tara a rataye har mai shi ya zo da kansa.

Sauran 'yan majalisar ma sun fara ganin nasu. Mai gyaran rediyo ya kwance rediyon mutum ya manta yadda take. Kwandasta ya bi motar da ba tasa ba har gareji. Sun damu ƙwarai. Suka zauna suka yi shawara a kan duk abin da za a iya yi, ban da dainawa.

A nan Dakta ya shigo. Dakta mai shara ne a kilinik na masaƙarmu, rana ɗaya aka sallame mu. Ya fito da farar riga ɗaya da wasu kalmomin asibiti, ya kafa tebur kusa da mai shayi yana sayar da jiƙo. Ranar na je kiran ƙanina ne, wani ya zo karɓar kaya, na tarar Dakta na tsaye yana bayani. Yana ganina ya nuna ni.

"Yawwa, ga shaida! Malam, kai da ka shekara goma sha tara a masaƙa, faɗa musu tsakani da Allah. Ka taɓa ganin Ba'indiye ya manta wani abu?"

Na yi tunani. Manajan sashenmu, Ba'indiye, yana iya tuna maka lattin da ka yi shekara uku da ta wuce, da minti nawa ne, da ƙaryar da ka yi masa ranar. Na ce gaskiya ban taɓa gani ba.

"To me suke ci? Ni na sha ganin kwanukansu. Shinkafa rawaya, miya rawaya, har madara rawaya suke sha. Kurkum! Akwai wani sinadari a cikinsa, Turawa ma sun gano shi. Yana shiga ƙwaƙwalwa ya yi mata filasta. Ƙwaya ta zo yin ɓarna ta tarar da ƙofa a kulle."

Mai faci ya ɗaga hannu. "Dakta, tsaya. Idan ƙofar a kulle take, ta ina cajin zai shiga? Mu fa ba ma son asara."

"Caji ta taga yake shiga. Ɓarna ce ke bin ƙofa."

"Allah ya ƙara basira, Dakta," in ji kwandasta. "Wallahi gwamnati ta yi asarar ka."

Na koma gida ina tunanin maganar, kuma na yarda da ita. Ba don Dakta ba, na san tsintsiyarsa. Na yarda ne saboda ni marini ne. Kurkum shi ne gangamau da dukawa ke rina fata da shi. Idan ya taɓa farin yadi sai ka yi wanki uku yana nan. Na ce a raina, abin da ke kama yadi haka, me zai hana shi kama abin da ke cikin kai ya riƙe? Akwai rabin ilimin da na ajiye gefe ban duba ba. Duk marini ya san launin gangamau ba ya jure rana, ka shanya shi kwana biyu ya gudu, shi ya sa ba mu taɓa sa shi a injin masaƙa ba. Na san wannan sarai. Amma sayen kurkum ya fi mini sauƙi a kan in zaunar da ƙanina, magidanci mai 'ya'ya biyu, in ce masa ya daina.

Washegari na je kasuwar Kakuri na sayo rabin mudu. Matata ta daka shi, turmin ya koma rawaya, aka yi kwana uku muna cin tuwo mai ɗaci-ɗaci. Kullum da safe in kai masa a gwangwanin madara, in tsaya ya zuba a shayi ya shanye a gabana. Ina jin daɗi kamar na kai shi asibiti.

Majalisa ta karɓi maganin hannu bibbiyu, har ta yi masa doka. Cokali ɗaya na tare ƙwaya ɗaya. Daga nan lissafin bai yi wa kowa wahala ba: wanda ya sha cokali uku ya sami izinin ƙwaya uku. Mai shayi ya ajiye kwalbar kurkum kusa da ta sukari, kofunansa duk suka rine. Leɓunan mutanen suka yi rawaya, haƙora rawaya, gemun mai faci ya koma kamar ya yi lalle bai kama ba. Matan aure da ba su san abin da mazansu ke yi da hantsi ba, suka gane daga baki. Wani dattijo da yake shan kurkum don ciwon gwiwa tun zamanin da, dole ya daina, saboda surukansa sun fara yi masa wani irin kallo.

Wata rana ina shagon, Sista ta zo karɓar wandon mijinta. Ma'aikaciyar asibiti ce, 'yar Filato, a Unguwar Talabijin suke. Ta dubi ƙanina, ta ja ni gefe.

"Baba, me ya sami ɗan'uwanka? Shawara ce? Dubi bakinsa fa."

Na ce ba shawara ba ce, rigakafi ne. Na yi mata bayanin ƙofa da taga. Ta yi dariya har sai da ta zauna a benci ta cire tabarau. Da ta ga ni ba dariya nake ba, ita ma ta daina.

"Baba, ka ji. Na taɓa jin wani likita yana cewa ana gwada irin wannan a ƙasashen waje. A kan ɓeraye. Ɓeran nan ana auna masa abin da za a ba shi, ana sa masa ido, kuma ba ya zagayawa bayan rumfar mai shayi ya ƙara da kansa. Ko ma ya yi aiki a kan ɓera, ƙaninka ɓera ne? Kurkum ba laifi, ni ma ina sa shi a shinkafa. Amma maganin wannan ɗaya ne, ya daina. Kuma ba zai iya shi kaɗai ba. Ku kawo shi, zan nuna muku wanda za ku gani."

Ƙanina yana jin mu. Ya miƙo mata wandon a leda ya ce, "Sista, a gaida Oga. A ce masa telansa lafiya lau."

Na yi kuskuren kai maganar majalisa, da nufin in tsorata su. Dakta ya tafa hannu. "Kun ji ko? Daga bakin asibiti! Har ɓera ya amfana, balle ɗan Adam mai daraja." Ranar aka ƙara cokali.

Asibiti kuwa ban kai shi ba. Sashen da Sista take nufi, a unguwarmu sunansa ɗaya, gidan mahaukata. Idan aka ga tela ya shiga can, wa zai sake aiko masa da shadda? Na ce a bari ruwa ya ɗan tsagaita. Na ce a bari in ga ƙarshen wata. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni da haka, kuma a wannan karon na yi amfani da shi sosai.

Dabarar da na yi ita ce ta rubutu. Malamarmu ta aji, wata 'yar Nasarawa, takan ce, "Baba, kada ka tsaya a kan abin da ke allo. Rubuta abin da zai amfane ka a gida." Na roƙe ta ta koya mini kalmomi biyar: wuya, ƙirji, kafaɗa, hannu, tsawo. Na sayi littafi mai layi. Na ce kafin kan nan ya zube duka, bari in tara abin da zan iya tarawa. Kullum da safe, bayan ya sha shayinsa mai rawaya, kafin majalisa ta zauna, sai in buɗe littafin a kan teburin yanka.

Da farko ya ƙi. Ya ce rubutu na telolin da ba su da kai ne. Na ce ba don shi ba ne, aikin gida Malama ta ba ni. Ya san ƙarya nake, na san ya sani, a haka muka fara. Shi yana da sauri, ni ba ni da shi. Mutum ɗaya kan ci mini kusan rabin awa, ina goge fensir ina sakewa.

"Yaya, kafin ka gama rubuta ƙirjin nan ai mutumin ya rame."

"Faɗi dai. Mai nama ya fi wa?"

"Ya fi direba da biyu. A'a, da uku. Wane mai naman ma?"

"Mai nama nawa gare mu a layin nan?"

Wani lokaci ya ba ni awon mutum yau, jibi ya ba ni wani daban, ya rantse a kan duka biyun. Sai in rubuta duka. Wata rana kuma kan zai buɗe tas, ya jero mini mutum shida a numfashi ɗaya, ni kuwa hannuna ya kama biyu kawai, sauran huɗun su wuce. Hannuna yana ƙara sauri kaɗan kaɗan, kansa yana raguwa da gudu. Zuwa tsakiyar damina mun rubuta mutum talatin da takwas.

Ana cikin haka direban kansila ya tsaya da mota a ƙofar shago, ya sauke shadda ruwan sararin sama, ta mutum goma sha biyu, yadi biyar biyar. Kansila zai yi bikin cika kwana ɗari a kan mulki, yana son shi da muƙarrabansa su fito da anko. Direban ya karanto sunaye ya ce, "Ranka ya daɗe ya ce kamar kullum."

Da ya tafi na duba littafi. Takwas suna ciki, huɗu babu. Na ce, "Ɗauki tef mu bi su gida gida. Kwana ɗaya ya ishe mu."

"Yaya, ranar da aka gan ni da tef a ƙofar kansila, ranar na mutu. Me ya bambanta ni da telan bakin kasuwa? Za su ce kan ya tafi."

"To ai ya fara tafiya."

"Ina shan maganina."

Ni ne fa nake kawo masa maganin.

Ya shimfiɗa shadda ta farko a tebur, ya ɗauki alli. Na karanta masa: kansila ya fi sakatarensa da yatsa biyu, sakatare ya fi mai nama da ɗaya, mai nama ya fi direban bas, direban bas ya fi ni. Ya riƙe allin a sama ya daɗe bai sauke ba. Can ya je ya tura ƙofar shagon, ya buɗe aljihun keke, ya ciro tef. Ya ce a hankali, "Yaya, tashi tsaye." Nawa awon ne ya ɓace masa. Shekara goma sha huɗu rabon da ya auna ni. Na tashi na ɗaga hannuwa, ya zagaya tef ɗin a ƙirjina, ba ya kallon fuskata, ni ma ina kallon kwanon rufi.

Abin da ba mu lissafa ba, wata takwas ke nan ba na aiki. Zariyar wandona ta ƙara tsawo, matata ta daɗe tana faɗa. Ma'aunin da aka gina mutum ɗari a kansa ya rame. Su kuwa muƙarraban kansila kwana ɗari suka yi suna shan romon dimokuraɗiyya. Da can idon ƙanina zai gyara wannan tun daga titi. Yanzu littafina kawai muke da shi, littafi kuwa ba ya leƙa titi. Huɗun da ba sa ciki, ya yanka su da tawakkali.

Ɗinkin bai ƙare ba sai da safiyar bikin. Direban kansila ya kwasa da gudu, ba wanda ya sami damar gwadawa balle ya dawo da shi. A filin firamarenmu aka yi taron. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, lasifika na ta kuka. A gaban babban tebur an jingine buhu uku, an ƙulla abin da ke ciki a ƙananan ledoji. Kurkum ne. Ashe Dakta ya samu shiga, an naɗa shi mai ba kansila shawara kan lafiyar matasa, kuma babban aikin kwana ɗarin shi ne raba wa matasa rigakafin ƙwaƙwalwa kyauta.

Da mutum goma sha biyun suka fito daga motoci, kowa a filin ya zuba musu ido. Sakatare yana tafe hannuwa a buɗe kamar mai ɗauke da bokiti biyu. Wani hannun rigarsa ya tsaya a gwiwar hannu, wani nasa ya rufe yatsu. Wani dogo wandonsa ya tsaya a ƙwauri. Ma'aji ya gwada zama ya fasa, ya tsaya a bayan kujera har aka tashi, mutane suka ɗauka ladabi ne. Kansila kuwa shaddar ta kama tumbinsa har ana ganin shatin singileti. Amma shadda ce mai tsada kuma anko ne, ba wanda ya yarda ya cire.

Ya karɓi makirfo ya ce soja sun shekara da shekaru sun bar kan matasa a buɗe, su kuwa cikin kwana ɗari za su rufe shi. Aka yi tafi. Ya ɗaga hannu zai yi kirarin jam'iyya, hammatar rigar ta yage, lasifika ta kai ƙarar har bakin titi. Ya sauke hannun ya manne shi a jiki, ya ƙarasa jawabin da hannu ɗaya.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila an ce tsautsayi ne. Sai Dakta ya karɓi makirfo. Tun sati guda ya shirya zai kawo shaida, kuma bai ga dalilin fasawa ba. Ya ce a nan unguwar akwai mutumin da ya fi kowa riƙe abu a kai, wata huɗu yana kan kurkum, jama'a su gani da idonsu. Ya kira ƙanina. Na kama hannunsa, ya fizge. Tun safe ya wuce majalisa don murnar gama aiki, cokali nawa ya sha ban sani ba.

Ya fita tsakiyar fili. Dakta ya ce, "Malam tela, dubi Ranka ya daɗe, faɗa wa jama'a awonsa daga kai, ba tef ba takarda."

Ƙanina ya matsa kusa da kansila. Ya dubi wuyan rigar, ya kama kafaɗar da yatsa biyu ya ja, ya leƙa hammatar. Fuskarsa ta ɓaci, ɓacin ran mai sana'a da ya ga an wulaƙanta yadi mai kyau. Ya ce, makirfo na kusa da bakinsa, "Ranka ya daɗe, wane tela ne ya yi maka wannan ɓarnar? Ai da ka aiko mini."

Ba wasa yake ba. Na san fuskarsa.

Dariyar da aka yi, har 'yan sandan da ke gadi sai da suka juya baya. Ni na shiga filin na kamo shi, muka bi ta bayan azuzuwa. Yana ta tambayata me ya faɗa. A bayanmu ina jin an fara rabon ledoji, ana turereniya. Matan unguwa ne suka fi samu, an ci shinkafa rawaya a layinmu har bayan Sallah.

Kwana biyu bayan haka mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu. Ba wanda ya yi faɗa, wasu har da cewa Allah ya ba shi lafiya. Ba mu san wanne ne na wa ba, sai muka baje su a benci da teburin yanka, kowa ya zo ya nuna nasa. A satin na je Unguwar Talabijin na nemi gidan Sista. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta rubuta mini takarda, na karanta ta da kaina a cikin bas, a hankali, sau biyu. Muka kai shi.

Ya daina, amma sai da aka shekara biyu ana faɗuwa ana tashi. Yana raye, yana sallah, yana gane kowa. Yanzu a shagon wani yake, a Makera, yana sa maɓalli yana guga. Idan aka ba shi ɗinki yakan auna mutum da tef, ya sa a rubuta masa, ya sake aunawa kafin mutumin ya fita. Dakta ya bar kurkum da daɗewa, ya koma wani ganye. Kansila ya sake cin zaɓe.

Abin da ya tafi, na zauna na rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin nan. Shadda yadi sittin. Shago ɗaya. Kwastoma sama da ɗari, bakwai ne suka ci gaba da gaishe shi da sunan tela. Awon mutum talatin da takwas da na rubuta, ba su yi wa kowa amfani ba, da na sama da sittin da hannuna bai kai gare su ba. Turmi ɗaya da tukunya biyu na matata. Haƙoransa uku. Da wata uku cur, daga ranar da Sista ta ce mu kawo shi zuwa ranar da na kai shi.